Jinin Havasupai: yardar da aka bayar don ciwon suga kaɗai

A can ƙasan kwazazzabon Grand Canyon, a jihar Arizona ta Amurka, akwai wata ƙaramar ƙabila mai suna Havasupai. Ba su kai mutum dubu ba. Mota ba ta shiga ƙauyensu, Supai, sai dai a ƙafa, ko a kan alfadari, ko a jirgi mai saukar ungulu. Hatta wasiƙunsu alfadarai ke sauko musu da su. Tun kafin a san da wata ƙasa Amurka suke zaune a wurin.

Ciwon suga ne ya addabe su, har ana yanke wa wasu ƙafa. A 1989 suka kai kukansu ga wani malamin Jami'ar Jihar Arizona da suka daɗe da sani, suka ce a taimaka a gano musabbabin wannan ciwo. Daga 1990 aka fara ɗibar jininsu. Ku lura, mutanen nan jini ba abin wasa ba ne a wurinsu. A imaninsu wani ɓangare ne na mutum, wanda ya kamata ya bi shi kabari. Duk da haka suka miƙa hannu, saboda suna son 'ya'yansu su tsira.

Ba a gano abin da ake nema game da sugan ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne, haka bincike ya gada. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka yi da ragowar jinin. Aka ajiye shi a firiza, aka riƙa raba wa wasu masana. Aka yi nazarin taɓin hankali da shi. Aka yi nazarin auren zumunci a tsakaninsu. Aka kuma yi rubutu a kan cewa kakanninsu daga nahiyar Asiya suka ƙetaro, alhali su abin da suka gada daga dattawansu shi ne a cikin kwazazzabon nan asalinsu yake. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar, Carletta Tilousi, ta halarci wani zaman gabatar da bincike a jami'ar, ta ji ana bayanin jinin mutanenta a kan abin da ba su taɓa ji ba. Ta miƙe ta tambaya ko an nemi izininsu.

Masu kare binciken sun ce ai an sa hannu a takarda, kuma takardar ta ambaci cututtukan jiki da na ɗabi'a gaba ɗaya. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba ko kaɗan. Wanda aka zauna da shi aka ce masa suga za a duba, a kan suga ya yarda. Idan ka kai wa tela yadi ya ɗinka maka riga, ragowar ƙyallen ba ta zama tasa ba don kawai ba ka ce a dawo da ita ba.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake da kimiyya. Binciken ƙwayoyin halitta ilimi ne na gaske, kuma hujjojin da ke nuna mutanen farko na nahiyar Amurka daga Asiya suka shigo masu ƙarfi ne. Amma a dubi wa ake faɗa wa wannan magana, kuma da jinin wa. A 1882 gwamnatin Amurka ta matse Havasupai a fili eka 518 kacal. Sai a 1975, bayan doguwar gwagwarmaya, aka mayar musu da eka 185,000. Mutanen da aka taɓa ƙwace wa ƙasa, ka zo da jininsu ka ce “ku ma baƙi ne”, dole gabansu ya faɗi.

Ƙabilar ta haramta wa ma'aikatan jami'ar taka ƙasarta, ta kuma garzaya kotu. A Afrilun 2010 aka yi sulhu: dala 700,000 ga mutum 41, tare da mayar musu da jinin da ya rage. Wasu daga cikin masu jinin sun riga sun rasu. Maƙwabtansu Navajo kuwa tun 2002 suka dakatar da irin wannan bincike a yankinsu. To wa ya yi asara? Masu ciwon da ke jiran magani, da masana na ƙwarai da aka rufe wa ƙofa.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Rigakafin lafiyarsa lau, amma yarda ta riga ta zube, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba ne suka shanye.

A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wadda ta ce al'umma na da iko a kan iliminta na gado da ƙwayoyin halittarta. Amurka ta ƙi a lokacin, Najeriya kuma ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Mutanen San na Afirka ta Kudu ba su tsaya jiran kowa ba. A 2017 suka rubuta nasu ƙa'idojin, duk mai son bincike a kansu sai ya bi ta hannun majalisarsu.

Abin da nake so hukumomin lafiyarmu su tilasta ke nan. A karanta wa mutum takardar yarda da harshensa, da babbar murya, gaban shaida. Izinin mai unguwa ko hakimi kada ya maye gurbin izinin mai jinin. Idan sabon bincike ya taso, a koma a sake tambaya. Ku kuma 'yan'uwa, ranar da masu farar riga suka zo unguwarku da kwalabe, ku karɓe su hannu biyu, sannan ku tambaye su abin da za a duba, da inda za a kai ragowar jinin, da ranar da za su dawo muku da sakamako.