Masu Tsaron Ƙananan Kantuna a Mol Su Ma 'Ya'yan Wasu Ne

'Yan uwa matasa mazauna Legas, musamman masu zuwa Ikeja City Mall ko The Palms ta Lekki ranar Asabar da lokacin bikin sallah, akwai waɗanda muke ɓata wa rai ba mu sani ba. Su ne samari da 'yan matan da ke tsaye a ƙananan kantunan nan na tsakiyar hanya a cikin mol, masu sayar da rigar waya, caja, turare, agogo ko gugguru.

Galibi kantin ba na mai tsaronsa ba ne, akwai oga. Albashi kaɗan ne, sauran kamasho ne a kan abin da ya sayar. A wurare da dama ana ƙirga kaya safe da dare, abin da ya ɓace ko ya fashe a cire daga albashinsa. Babu ƙofar da zai ja ya rufe, don haka ko sallah ko bayan gida sai ya roƙi maƙwabci ya duba masa. Wani daga Ikorodu ko Iyana Ipaja ya fito tun asuba, ga kuɗin danfo ya hau tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Idan ya yi maka sallama, amsa. Ba ka da niyyar saye? Dube shi, ka ce ka gode, ba yau ba, ka wuce. Wannan bai ɓata masa komai ba. Abin da ke cutar da shi shi ne ka sa ya sauke kaya kala goma, ka jujjuya, ka ɗauki hoto, sannan ka ce "zan dawo" alhali ka san ba dawowa za ka yi ba. Yana fama da kai mai saye na gaske ya wuce, kuma hankalinsa ya rabu, a nan ne kaya ke ɓacewa. In kallo ka zo, faɗa masa tun farko.

Kada ka ɓare abin da ke rufe da leda ko hatimi sai ka tabbatar za ka biya. Kwalin da aka buɗe ya zama ragowa, wani ba zai saya a kuɗinsa ba. Gilashin kare fuskar waya ya fi komai jawo rigima: duba ainihin samfurin wayarka kafin a liƙa, domin Tecno da Infinix suna da kala-kala masu kama da juna, kuma da zarar an ɓare takardar gam ɗin, gilashin ba zai sayu ga wani ba. Turaren gwaji fesa ɗaya ko biyu a wuyan hannu ya isa. Ka feshe riga da hula za ka zance sannan ka tafi ba ka sayi komai ba, wannan cin haƙƙi ne ko da ba wanda ya tanka. A riƙe hannun yara kusa da gilashi.

Mol ba kasuwar Computer Village ba ce, ba kuma kasuwar Mile 12 ba, inda ake tayawa. Kuɗin haya yana cikin farashi, kuma oga ne ya yanka. Nemi ragi sau ɗaya, in ya ce ba hali, ka saya ko ka bari. Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin kai idan zai sayar da idan zai saya.

Wajen biya ake fi yin faɗa. Ka yi tiransifa ya ce ka jira, ba ɓarawo ya ɗauke ka ba. Sau da yawa alat wayar oga yake shiga, sai ya kira an tabbatar, ga masu alat na bogi sun yi yawa, kuma idan ya saki kaya kuɗi bai shiga ba shi zai biya. POS ta ƙi amma an cire maka kuɗi? Karɓi rasit ɗin, ka bi bankinka, su ke mayarwa. Ihu a kansa ba zai dawo da ko kwabo ba.

Samari, yarinyar da ke murmushi a kanti aiki take yi, kuma ba ta da damar barin wurin ta guje maka. Nacin neman lambarta zalunci ne. Haka ɗaukar mutum bidiyo don TikTok ba da izininsa ba. Ku kuma daina gulmar mai tsaron kanti da Hausa a gabansa, kuna zaton ba ya ji. Da yawa a Agege ko Idi-Araba suka tashi, wasu daga Jos ko Kaduna suka zo, ko ma ba ya ji, fuska tana nuna raini.

In kaya ya ba ka matsala, koma da rasit da kwalinsa a ranar aiki da hantsi, lokacin da ba cunkoso, ka nemi a kira oga tunda shi ke da ikon canzawa. In kuwa ka ga ya fara tattara kaya da dare, sayi abin da ka sani cikin sauri ko ka bari sai gobe, domin ƙirga na jiransa kafin ya fita neman mota.