IT a gidan jarida: mu muna tara hatimi, Jamusawa suna tara rubutu

Ɗalibin da ya gama IT, wato horon sanin makamar aiki da makaranta ke tura ɗalibai, a gidan jarida ko gidan rediyo a Najeriya yakan koma makaranta da logbuk, littafin rubuta ayyukan kullum, cike da sa hannu da hatimi. Takwaransa a nan Jamus, inda nake zaune, yakan koma da rubuce-rubucensa da aka buga da sunansa, da takardar da edita ya zayyana ayyukan da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Ranar neman aiki kuwa babu editan da zai nemi ganin logbuk, ko a Kano ko a Hambog. Cewa zai yi a nuna masa abin da aka rubuta. A ganina wannan bambancin ya fi batun alawus da muka fi kuka da shi nauyi, kuma shi ne wanda ɗalibi zai iya gyarawa da hannunsa ba sai ya jira gwamnati ba.

Tsarinmu na gida ba da wasa aka gina shi ba. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971, ita ta ɓullo da shirin SIWES, wanda a ƙarƙashinsa ake yin IT, a 1973 don kada ɗalibi ya fita makaranta bai taɓa riƙe kayan aiki ba. Galibi ɗalibin jami'a yana yin wata shida. Makaranta ta ba shi takardar gabatarwa da logbuk, ya je ya nemo wurin da zai karɓe shi, ya kawo takardar amincewa. Kullum ya rubuta abin da ya yi, ƙarshen mako mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu, malami ya leƙo daga makaranta, ofishin ITF ya buga hatimi, sannan ya rubuta rahoto ya kare shi gaban malamansa. A takarda ba a bar komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne asali don ɗaliban injiniya da kimiyya aka tsara shirin. Wanda ya wuni yana kallon yadda ake kwance inji ya ƙaru da wani abu. Wanda ya wuni yana kallon edita yana tace labari bai ƙaru da komai ba, sai ranar da aka tace nasa. Shi ya sa za a ga shafi ashirin na logbuk suna maimaita magana ɗaya: na halarci taron safe, na raka wakili wurin taro, na duba jaridu. Duk gaskiya ne, kuma duk za su samu sa hannu, amma babu jimla ɗaya ta ɗalibin da ta isa ga mai karatu ko mai sauraro.

A Jamus horon iri biyu ne. Akwai na dole, wanda yake cikin manhajar karatu, akwai kuma na ganin dama. Tun da dokar mafi ƙarancin albashi ta fara aiki a 2015, horon ganin dama da ya wuce wata uku dole a biya shi wannan albashin, wanda a 2025 ya kasance Yuro 12.82 a awa. Na dole da wanda bai wuce wata uku ba, doka ba ta tilasta a biya su haka ba. Akan sa hannu a yarjejeniya kafin a fara, mai nuna ranar farawa da ta gamawa, da awannin aiki, da abin da za a koya. Neman gurbin ma da rubutu ake yi: wasiƙa mai shafi ɗaya, taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, da samfurin rubutu uku zuwa biyar. Manyan gidaje sukan cike gurabensu wata shida ko fiye kafin lokaci. Wato tun kafin ɗalibi ya taka ƙofar ɗakin labarai an riga an tambaye shi rubutu, don haka yawancinsu tun suna sakandare ko shekarar farko ta jami'a suke kai wa ƙaramar jaridar garinsu rahoton wasan ƙwallon unguwa ko taron ƙungiyar kashe gobara ta sa kai, ana biyansu gwargwadon layukan da aka buga. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sunan da ke ƙarƙashin labarin suke so.

Bayan digiri akwai wani mataki da suke kira Volontariat, horo ne da albashi a cikin gidan jarida. A jaridun kullum shekara biyu ne bisa al'ada, kuma yarjejeniyar da ƙungiyoyin 'yan jarida suka cimma da masu jaridu a 1990 ta tanadi a zagaya da mai koyo sassa daban-daban, daga labaran gari zuwa siyasa zuwa wani sashen, tare da kwasa-kwasai a wajen gidan. Na DW wata 18 ne. Babu wanda ke samun wannan gurbi da takardar digiri kaɗai. Rubuce-rubucen da ya tara a horon baya su ne ke buɗe masa ƙofa.

Kada a ɗauka komai lafiya lau ne a nan. Da yake doka ta ware horon wata uku da na dole daga biyan albashi, gidaje da yawa irin waɗannan guraben kawai suke bayarwa, a biya ɗan abin da bai kai kuɗin hayar ɗaki a Munik ko Hambog ba. Sakamakon haka 'ya'yan masu hali ne ke iya jure horo uku ko huɗu a jere, ɗan talaka ya haƙura ya nemi aikin da zai ci abinci. Wannan ciwon iri ɗaya ne da namu, inda alawus ɗin SIWES na naira 2,500 a wata ba ya ɗaukar nauyin Adaidaita Sahu na mako guda, ga shi sau da yawa sai bayan an gama yake fitowa. Ɗalibanmu da ke karatu a Jamus kuma su lura: izinin zamansu ya ba su damar aikin cikakkun ranaku 140 a shekara, horon ganin dama yana cin wannan lissafin, na dole ba ya ci.

Akwai ma inda muka fi su, kuma ba a cika faɗa ba. Ɗakunan labaranmu ba su da isassun ma'aikata. Gidan rediyo mai zaman kansa a Kano ko Kaduna ko Katsina yana fitar da labarai sau da yawa a rana da mutane ƙalilan, don haka ɗalibin da ya nuna zai iya, cikin mako biyu sai a miƙa masa rikoda a ce ya tafi kasuwa ya jiyo farashin masara. A babban gidan jarida na Turai mai koyo yana iya shafe makonni yana binciko wa wani bayanai kafin a bar shi ya rubuta layi goma. Ga kuma kasuwar rubutun Hausa da ta faɗaɗa: Aminiya, Leadership Hausa, Premium Times Hausa, Freedom Radio, Arewa24, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika. Damar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗalibin da ya zo da niyyar fita da rubutu a hannu.

To, ga yadda nake ganin ya kamata a tunkari abin. A fara neman wuri aƙalla wata uku kafin lokacin IT, kada a jira ranar da makaranta ta raba takardu, lokacin da mutum hamsin za su yi layi a ƙofa ɗaya. A haɗa wa takardar makaranta samfurin rubutu uku: labari ɗaya mai kalma 250 zuwa 300, hira ɗaya, da fassarar labari ɗaya daga Turanci zuwa Hausa. Wanda bai taɓa buga komai ba ya fara da jaridar makaranta, ko rediyon jami'a, ko shirin Campus Reporter na cibiyar bunƙasa aikin jarida ta CJID da ke buga rahotannin ɗalibai. Sannan a zaɓi wuri da ido biyu. Ƙaramin gida mai edita ɗaya da zai zauna da ɗalibi ya fi babban suna inda 'yan IT talatin ke raba benci guda. Sashen hulɗa da jama'a na ma'aikatar gwamnati ya fi sauƙin samu, amma a yawancinsu sanarwa ɗaya ko biyu ake rubutawa a mako, ita ma ba ɗan IT ke rubuta ta ba.

Makon farko shi ne ke yanke hukuncin sauran watannin. Ɗalibi ya nemi sanin wane ne zai riƙa duba aikinsa, da sunansa, ba "sashen labarai" kawai ba. Ya gaya masa a fili cewa burinsa ya fitar da rubutu ɗaya duk mako. Wata shida mako 24 ne ko fiye, ko rabi aka buga ya samu goma sha biyu, a ciki zai tsamo biyar masu kyau. Kuma kada ya shiga taron safe hannu rabbana yana jiran a ba shi aiki. Ya zo da shawarar labari mai jimla uku: me ya faru, wa zai tambaya, me ya sa yau. "Ina so in yi rahoto a kan matsalar ruwa" ba shawara ba ce, kowane edita ya ji ta sau ɗari. "Jarkar 'yan garuwa ta ƙara kuɗi a unguwa kaza cikin makon nan, zan ji ta bakin masu turawa biyu da mai rijiyar burtsatse da magidanci, in nemi hukumar ruwa" ita ce za a ce masa jeka.

Wurin da ake koyon rubutu na gaske shi ne tsakanin abin da ɗalibi ya miƙa da abin da aka fitar. A ajiye kwafin farko kafin a tura wa edita. Idan labarin ya fita, a jera su biyun a bi su layi-layi. Nan za a ga an ɗauko jimlar da ke sakin layi na huɗu an mayar da ita farko, domin ita ce labarin. Za a ga an goge doguwar shimfiɗa da jerin muƙaman mai girma wane. Za a ga an cire adadin da ba a faɗi inda aka samo shi ba, an kuma tsare labarin kwana guda saboda an zargi mutum ba a ji ta bakinsa ba, wanda shi ne kuskuren da ke kai gidan jarida kotu. A rediyo za a ga an datse jimla mai layi uku zuwa gida biyu saboda mai karantawa numfashi yake yi. Duk gyaran da ba a gane dalilinsa ba a tambaya, amma bayan an gama labarai, ba ana saura minti goma a shiga situdiyo ba.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin nauyi, don yawancinmu mun iya magana ba mu koyi ƙa'idojin rubutu ba. Editan Hausa yakan gane gwanin ɗalibi daga sakin layi ɗaya: ya sa ɓ da ɗ da ƙ inda suke, ya raba "shi ne", ya rubuta "suna" da "yake" kowanne a haɗe, ya bambanta "a kan" da "akan". A sa maballin Hausa a waya da kwamfuta tun kafin a fara. Fassara kuma ita ce aikin da aka fi miƙa wa ɗan IT, kuma a nan aka fi faɗuwa, saboda bin jimlar Turanci kalma-kalma. A karanta labarin duka, a kife takardar, a faɗe shi da baki kamar ana ba wa maƙwabci labari, a rubuta hakan, sannan a koma a tabbatar da sunaye da lambobi da ranaku.

Sai batun ambulan kuɗi da ake rabawa bayan taron manema labarai. Ɗalibin da ba a biyansa, ga kuɗin mota, ba sai an faɗa ba jarabawa ce babba. Amma wanda ya saba da ita tun yana koyo, rubutunsa yakan koma kwafar jawabin mai taro, kuma irin wannan rubutun ba ya shiga cikin biyar ɗin da za a nuna wa wani edita gobe.

Ɗaliban sashen Hausa da Turanci da adabi galibi ba sa cikin SIWES, kuma su ne da yawa ke burin rayuwa da alƙalami. Su yi irin na ganin damar da ake yi a nan Jamus: mako shida zuwa takwas a dogon hutu, da wasiƙa daga shugaban sashe. Ba lallai sai ɗakin labarai ba. Akwai masu shirya wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin da ke buƙatar marubuta, da kamfanonin ɗab'i masu neman mai duba kurakurai, da ƙungiyoyin lafiya da noma da ke fassara saƙonninsu zuwa Hausa. A yi yarjejeniya a rubuce ko da rabin shafi ce: kwana nawa a mako, wa zai duba aikin, za a sa suna ko ba za a sa ba.

Mako biyu kafin a gama, a roƙi mai kula da aikin takardar shaida irin wadda ake bayarwa a nan Jamus, wadda ta lissafa aiki: rahoto nawa, fassara nawa, wane shiri aka taimaka wa. "Yaro ne mai ladabi da biyayya" ba ta sama wa kowa aiki. A adana kowane labari a matsayin PDF, a karɓi sautin rahotannin rediyo a filashi, domin shafukan intanet suna mutuwa kuma gidajen rediyo suna goge tsofaffin shirye-shirye.

Ga malamanmu na sassan koyon aikin jarida kuma, gyaran da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin ITF. A ware wani kaso mai tsoka na makin IT ga rubutu biyar da ɗalibi zai gabatar ranar kare rahoto, kowanne da kwafinsa na farko da wanda edita ya gyara, a tambaye shi dalilin kowane gyara. A kuma sanar da gidajen da ke karɓar ɗalibai wannan sharaɗi a cikin takardar gabatarwa, don edita ya san tun ranar farko cewa makin wanda aka turo masa ya rataya ne a kan a ba shi abin rubutawa.