Kafin ka biya a hau da kai sama a Google, buɗe shafinka a waya tukuna

Jama'a, yau dai sai na amayar da abin da ya daɗe yana ci na a rai, ko da wasu abokan sana'ata za su ji haushi.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai ƙaramin kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya same ni ransa a ɓace. Wata bakwai ke nan yana biyan wasu matasa duk ƙarshen wata don su hau da shafinsa sama a Google, aikin nan da 'yan harkar ke kira SEO. Kuma tsakani da Allah ba su kwanta barci ba, don ya nuna min rahoton da suke turo masa, masu shiga shafin sun ninka har sau uku. Amma wayarsa tsit. Ya ce min, "Malam, mutanen nan ina suke zuwa ne? Ko aljanu ne ke shigar min shafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ara min wayarka." Na buɗe shafin, muka zuba wa farin allo ido, ina ƙirgawa a fili. Sai da na kai goma sha ɗaya wani ƙaton hoto ya fara saukowa sannu a hankali kamar labule. Hoton wasu mutum biyu ne cikin kwat suna musabaha, waɗanda bai taɓa gani ba tunda uwarsa ta haife shi. A ƙasa an rubuta wai kamfanin ya himmatu wajen samar da ingantattun hanyoyin warware matsaloli na zamani. Ko kalmar gyara babu. Na ce to nemo min lambar wayarka. Shi da kansa mai kamfanin sai da ya danna wuri uku kafin ya gano ta, ashe ma a jikin hoto aka manna ta, ba ta dannuwa, sai dai mutum ya haddace ya fita ya buga. Akwai fom na aika saƙo, muka cike muka tura. Har yau saƙon bai iso ba, don wani adireshin imel yake tafiya wanda magininsa ya buɗe shekara uku da suka wuce, kuma ba mai sanin mabuɗinsa.

Bai ce uffan ba. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ayyuka biyu ne mutane ke cakuɗawa. SEO aikinsa ya rako baƙo har bakin ƙofarka. Abin da baƙon zai tarar in ya shigo, ko a tarbe shi ko ya juya, wannan aikin shafin ne. Ra'ayina, kuma na tsaya a kai, mai ƙaramar sana'a da kuɗinsa ke ƙirge ya fara da na biyun. Wanda ya fara da na farkon yana ɗibar ruwa ne da kwando, yana kuma biyan ɗan dako.

Mu ɗan yi lissafi, misali kawai. Mutum 1000 sun shigo a wata, biyar sun kira. Ka biya aka ninka masu shigowa suka zama 2000, kira ya zama goma, kuma ranar da ka daina biya abin ya fara ja da baya. Amma da shafin ka gyara har ya zama cikin kowane mutum 100 biyu suna kira, da 1000 ɗin nan na farko sun ba ka kira 20, ba tare da an ƙaro ko mutum ɗaya ba. Kuma gyaran nan yana amfanar duk wanda ya shigo, ko daga Google ya zo, ko daga Facebook, ko wani ne ya turo masa adireshin ta WhatsApp.

To me ya sa kowa ya fi rububin hawa sama? Don abin nunawa ne. Kana iya miƙa wa aboki waya ka ce duba, mu ne na uku. Ba wanda ke alfahari da cewa fom ɗinsa na aiki. Sannan, in faɗi gaskiya ko da ta shafe ni, gyaran shafi sau ɗaya ake biya a wuce wurin, shi kuwa SEO kwangila ce ta wata-wata. Kowa ya san wadda mai sayarwa zai fi tallatawa. Ni ma na taɓa sayar da ita ga wanda bai kai buƙatarta ba, Allah Ya yafe mana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Google ɗin da ake ta ƙoƙarin burgewa ya daɗe yana nuna inda ya dosa. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa shi a 1998, dabararsu ita ce ƙirga mahaɗai: duk shafin da ya yi nuni zuwa naka kamar ya kaɗa maka ƙuri'a ne. Nan da nan masu wayo suka fara sayen ƙuri'u, suna cusa kalmomi barkatai a ɓoye. A 2009 kamfanin ya fito ya ce shi fa ba ya ko kallon jerin kalmomin nan da ake ɓoyewa a kan shafi, amma har gobe akwai masu karɓar kuɗi don su cike gurbin. A 2011 ya fito da sauyin da aka yi wa laƙabi da Panda, ya kassara shafuka masu rubutun cika fili. A 2012 Penguin ya biyo baya, ya bi ta kan masu sayen mahaɗai, wasu kamfanoni suka kwana a sama suka wayi gari ba a ganin ko ƙurarsu. A Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a allon waya. A 2018 manhajar Chrome ta fara liƙa wa shafukan da ba su da makullin tsaro tambarin cewa ba su da aminci. A 2020 kuma ya fitar da ma'auni, ya ce babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Shafin mutumina kuwa daƙiƙa goma sha ɗaya ya ci. Binciken da Google ya wallafa a 2016 ma ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba.

Ka ga ke nan duk sauye-sauyen nan wuri guda suka fuskanta: shafi mai sauri, mai bayani a sarari, wanda ɗan adam zai ji daɗin amfani da shi. Wanda ya gyara wannan ya riga ya yi rabin SEO ɗin bai sani ba.

Kada wani ya ce na ce SEO aikin banza ne, ban faɗa ba. Shafi komai kyansa in ba mai zuwa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda kasuwancinsa duka a intanet yake, yana gogayya da ɗaruruwa masu kaya irin nasa, dole ya zuba kuɗi a nan, kuma akwai ƙwararru masu amana da suka san aikin. Amma yawancin ƙananan sana'o'i ba haka suke samun ciniki ba. Wani ne ya ji daɗin aikinka ya faɗa wa wani, shi kuma ya rubuta sunan kamfaninka yana so ya tabbatar kai na gaske ne kafin ya kira. Wannan mutumin ba sai an yi kokawa an kawo shi ba, da ƙafarsa ya zo, saura ƙiris ya zama naka. Shi ne shafi maras kyau ke kora, kuma ba rahoton da zai nuna maka shi.

Ga mai aiki a yanki guda ma, abin da ya fi tasiri kyauta ne. Google Business Profile, wanda ke sa sunanka ya fito a taswira da lambar waya da lokutan aiki, ba a biyan ko sisi. Google ya bayyana abu uku da yake dubawa a nan: dacewarka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da shahararka, wadda sharhin abokan ciniki na cikinta. Search Console shi ma kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta suka same ka. Kuma duk wanda ya ce zai ba ka tabbacin zama na ɗaya, riƙe aljihunka, don Google da bakinsa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin.

Ga kuma sabon yayi. Tun 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, mutum ya karanta ya wuce bai danna komai ba. Wanda ya daure ya danna har ya shigo wurinka yanzu ya ƙara tsada. A bar irin wannan yana lalube neman lambar waya? Haba.

Mutumina dai ya dakatar da kwangilar na wata uku. A yini biyu muka rage nauyin hotuna, muka rubuta a can sama abin da yake gyarawa da yankunan da yake zuwa, muka sa maɓallin kira wanda babban yatsa zai samu ba sai an nema ba, fom ɗin muka rage shi daga tambaya tara zuwa uku muka juya shi zuwa imel ɗin da yake buɗewa kullum. Ya roƙi tsofaffin abokan cinikinsa su rubuta masa sharhi, wasu suka yi, wasu suka ce sai gobe.

Abu ɗaya muka yi ta ja-in-ja a kai, hoton musabahar nan. Ya ce shi ne ke sa a ɗauke shi babban kamfani. Na ce ranka ya daɗe, wanda na'urarsa ta mutu yana zufa ba babban kamfani yake nema ba, wanda zai zo yau yake nema. Da ƙyar ya yarda aka ɗauke shi hoto a kan tsani, sukundireba a hannu. Wayar ta fara ƙara, har ya koma wurin matasan nan suka ci gaba da aikinsu. Amma duk ranar da muka haɗu sai ya yi min mitar cewa rigar da ya sa a hoton ba ta da guga.