Ni dai har yau ina kewar Shoprite ɗin Kano

Jiya yunwa ta koro ni wani gidan abinci, jalof ɗin ko cikin cokali uku ba ta kai ba, da wata cinyar kaza kamar ta tattabara, da aka faɗa min kuɗin sai da na ce "malam da lemo ne?" ya ce a'a lemo daban. Haba jama'a!

Nan take na tuno kantin Shoprite ɗin Ado Bayero Mall da ke Zoo Road lokacin da aka buɗe a 2014, ka shiga da 'yan canjinka ka bi layin biredi mai zafi, tun kafin ka kai wajen biya ka fara yagar gefensa, ka ɗau shinkafa a roba ka samu kujera ka baje kana shan esi kyauta, ga yara sai guje-guje suke da keken zuba kaya, ranar sallah kuwa rabin mutanen hoto kawai suka zo ɗauka, har da ni ba zan ɓoye ba.

Tun Janairun 2024 Shoprite ɗin ta rufe. Ƙanwata har yanzu in ta ga zan fita sai ta ce Yaya a taho da biredi, daga ina?