Shekarar 1948 da bashin da Birtaniya ba ta gama biya ba

Duk lokacin da aka tashi zancen tarihin Birtaniya na zamani, sai ka ji ana ta Brexit, wato ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, da rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022. Ni kuwa a wurina, wanda bai san 1948 ba, bai san Birtaniya ba.

Ku duba halin da suke ciki a lokacin. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, bama-baman Jamus sun ragargaza unguwanni a Landan da Coventry, baitulmali ya yi ƙaf, har sai da suka ciyo bashin dala biliyan 3.75 daga Amurka, bashin da ba su gama biya ba sai 2006. Ko burodi da kati ake saye. A cikin wannan talauci ne gwamnatin Clement Attlee, wadda ta kayar da Churchill a zaɓen 1945, ta ce daga ranar 5 ga Yuli, 1948, kowa zai ga likita ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Haka aka haifi hukumar lafiya ta NHS.

Ministan da ya tsaya kai da fata a kan wannan, Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal ne daga Tredegar a yankin Wales, shi ma yana ɗan shekara 13 ya shiga ramin kwal. Ya ga yadda leburorin garinsu ke tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga albashinsu don a yi wa marar lafiyarsu magani, sai ya ce a yi wa ƙasa baki ɗaya haka. Ƙungiyar likitoci ta yi masa taurin kai, bai ja da baya ba. Da gwamnati ta sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba a 1951, sai ya ajiye muƙaminsa. Wallahi irin wannan mutum ina ganin girmansa.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. Makonni biyu kafin buɗe NHS, jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a tashar Tilbury. Dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1948 ta tabbatar musu da damar zama da aiki. Su da waɗanda suka biyo bayansu daga Indiya da Pakistan da Afirka ne suka cika asibitocin nan, suka yi aikin dare, suka tuƙa motocin haya na Landan. Har da 'yar Najeriya, Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatun jinya a asibitin St Thomas. Sakayyar da suka fara samu ita ce masu gidajen haya da ke rufe musu ƙofa saboda launin fata, da jawabin ƙiyayya na Enoch Powell a Birmingham a 1968, mutumin da shi kansa ya taɓa riƙe ma'aikatar lafiya.

Sai kuma 2018, lokacin da asiri ya tonu. Tsofaffin da suka shigo tun suna yara, suka yi shekara hamsin suna biyan haraji, aka ce su kawo takardar shaida. Alhali ma'aikatar cikin gida da kanta ta lalata katunan shigowarsu a 2010. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani a asibitocin da iyayensu suka yi wa bauta, aƙalla 83 aka tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashen da suka bari tun suna ƙanana. Amber Rudd ta sauka daga muƙamin ministar cikin gida, aka nemi afuwa, aka kafa asusun diyya, amma wasu sun rasu kafin kuɗin ya iso hannunsu.

Yau ma likitoci da ma'aikatan jinya na Najeriya suna ta tururuwa zuwa can. Ina roƙon duk wanda ke da ɗan'uwa a cikinsu ya ce masa ya adana kowace takarda, ta aiki, ta haya, ta haraji, ya kuma tabbatar da na 'ya'yansa tun suna ƙanana.