Tarar gudu: wanda ya ce bai yi ba shi ne yake shan wuya

Duk direban da aka taɓa miƙa wa takardar tarar gudu ya san shawarar da kowa zai ba shi: je ka biya ka huta. 'Yan tasha haka za su ce, makanike haka zai ce, shi kansa wanda ya rubuta takardar abin da zai ce ke nan. Wannan shawara ita ce take ƙona min rai, domin tana nuna an tsara lamarin yadda mai amsa laifi zai koma gida da wuri, wanda kuwa ya tsaya a kan gaskiyarsa zai ɗanɗana kuɗarsa.

Kada wani ya ɗauka ina kare masu gudun ganganci. Babu gidan da bai yi zaman makoki ba saboda direban da ya take mota kamar ba rayuka ya ɗauko ba. Wanda ya yi gudun wuce ƙima a ci shi tara, in ya maimaita a karɓe lasisin. Amma sai an nuna ya yi!

An tsayar da ni a wani shinge a kan hanyar da na daɗe ina bi. Jami'in ya leƙo ya ce, "Alhaji, ka wuce ƙa'ida." Na ce, "Yallaɓai, nawa nake tafiya?" Ya juyo min da na'urar auna gudu, ga wasu alƙaluma a jiki. Babu lambar motata, babu hoto, babu lokaci. Motoci suna ta wucewa gabana da bayana, ciki har da wata da ta wuce ni fuu kafin mu iso shingen. To gudun wa na'urar ta kama? Na tambayi ina allon da ya nuna iyakar gudu a wannan wuri, ya ce ai kowane direba ya san doka.

Na san dokar kuwa. Ƙa'idojin hanya na shekarar 2012 sun ba ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai tagwayen hanya. Amma a ina gari ya fara, a ina ya ƙare? Hanyoyinmu suna ratsa ƙauyuka, rumfunan kasuwa sun ci gefen kwalta, gidaje nan biyu can uku. In babu allo, jami'in da ke tsaye shi zai yanke cewa nan cikin gari ne, gudun da yake halas ya koma laifi a bakinsa. Allunan da aka kafa tun shekaru aru-aru wasu sun yi tsatsa, wasu 'yan jari bola sun cire, wasu an lulluɓe su da fastar 'yan takara. Gwamnatin da ba ta mayar da allo ba, da wane ido za ta ci tarar wanda bai ga allo ba?

Na ƙi amincewa, aka riƙe lasisina, aka ce mu haɗu a kotu. A nan na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutane jere a rana, ana kiran suna, a karanto laifi da Turanci cikin sauri, a ce ka yi ko ba ka yi ba. Wanda ya ce ya yi, a yanka masa tara, ya biya, a miƙa masa makullinsa. Na ga dattijon da ba ya jin Turanci ko kaɗan, wani a bayansa ya raɗa masa cewa ya gyaɗa kai kawai, ya gyaɗa, aka rubuta ya amsa laifi. Da aka zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi ba," sai aka ɗage shari'a. Ranar da aka sa na je, jami'in da ya kama ni bai zo ba. Aka sake ɗagewa. Ba a kori ƙarar ba, ba a maido min da lasisi ba, ba wanda ya ce wa mai ƙara uffan. Da ni ne ban zo ba, ai da tuni an ba da umarnin kamo ni.

Wannan ba alfarma muke roƙo ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar da shi. Ya ce a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, a kuma ba shi tafinta kyauta. Dokar shaida ta 2011 ta ɗora nauyin tabbatar da laifi a wuyan mai ƙara. Babu inda aka rubuta cewa waɗannan haƙƙoƙi sun faɗi don laifin na mota ne ko don kotun tafi-da-gidanka ce. Kotun da aka kafa a ƙarƙashin rumfa a bakin titi kotu ce, alƙalin da ke cikinta ya yi rantsuwar da sauran suka yi.

Ni ina da halin da zan jure zirga-zirga. Direban haya fa? Motarsa tana tsare, fasinja sun watse, mai mota yana jiran balas ɗinsa da yamma, iyali suna jiran cefane, wani lokaci ma a lissafa masa kuɗin ajiyar motar. Kuɗin lauya kaɗai ya ninka tarar. Ko yana da gaskiya dole ya ce ya yi. Daga nan ne ƙofar cin hanci take buɗewa, domin duk wanda ya ga wannan layi sau ɗaya, gaba in an ce masa "a sasanta" a bakin hanya ba zai yi musu ba. Mai gudun gaske ya ba da na goro ya ci gaba da gudunsa, kuɗin bai shiga asusun gwamnati ba, rayukan da ake cewa ana karewa ba a kare su ba.

A farkon 2025 Jihar Legas ta sanar da kyamarorin auna gudu a wasu titunanta, ta faɗi wuraren, ta faɗi iyakar gudun, ta ce tarar naira 50,000 ce. Kuɗin da yawa, amma aƙalla kyamara tana ɗaukar lambar mota da lokaci, mutum yana da abin da zai kalla ya yarda ko ya musanta.

Abin da nake nema daga manyan alƙalan jihohinmu da 'yan majalisunmu a fili yake. Kada a karɓi tuhumar gudu sai da shaidar da ta nuna motar da lokacin da wurin, tare da takardar da ta tabbatar na'urar lafiyarta ƙalau. A ajiye tafinta a kowane zama. A sakar wa wanda ya musanta laifi motarsa ya ci gaba da neman abincinsa har a gama shari'a. In jami'i ya ƙi zuwa ba da shaida ba tare da uzuri ba, a sallami wanda ake tuhuma a ranar, a miƙa masa lasisinsa a hannu.