Alhaji da Sandunan Halifa

Alhaji ya shigo shagon kayan wasanni yana gyara hula, Hajiya tana biye da shi, Halifa ɗan shekara 5 kuma yana can baya yana jan takalmi.

Alhaji: Malam, sandunan ƙwallon golf nake so na yaron nan, kuma cikakkiyar jaka za ka ba ni, irin wadda ake ɗaukar wa manyan 'yan wasa a talabijin.

Mai shago: Ranka ya daɗe, cikakkiyar jaka sanduna 14 ce, domin dokar wasan ba ta yarda a shiga fili da fiye da haka ba, amma yaro mai waɗannan shekarun uku ko huɗu sun ishe shi.

Alhaji: Idan 'ya'yan mutane suna shiga da 14, to nawa ɗan ka ba shi 16.

Mai shago: Wanda ya wuce 14 ai hukunta shi ake yi, Alhaji, sai a ƙara masa bugu biyu a kan ramin da ya buga da su.

Alhaji: To, ƙari kuma abin gudu ne? A ƙara masa goma ma, ni zan biya.

Mai shago: A wannan wasan, ranka ya daɗe, wanda ya gama ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara.

Alhaji ya ce ya san haka tun kafin a haifi mai shagon. Ya kamata mai karatu ya sani cewa Alhaji ya daɗe yana biyan kuɗin rajistar kulob, sai dai har yau ƙafarsa ba ta wuce rumfar da ake zama a yi hira da manyan mutane ba. Daga nan ya miƙa hannu ya zaro doguwar sandar bugun farko, mai ƙaton kai mai sheƙi, ya tsayar da ita kusa da Halifa, sai ga sanda ta ɗara yaro tsawo.

Mai shago: Wannan ta manya ce, tsawonta ya kai santimita 114, shi kuwa yaron da ƙyar idan ya kai 110.

Alhaji: Zai girma ya tarar da ita. Haka muke yi masa da riga, kuma bai taɓa kawo ƙara ba.

Mai shago: Riga ana naɗe hannunta, Alhaji. Idan sanda ta fi ƙarfin yaro, ita za ta riƙa juya shi, ya karkace jiki, ya daki ƙasa ya bar ƙwallo a inda take, kuma idan wannan karkacewar ta zauna masa a jiki sai malaminsa ya sha wahala kafin ya cire ta. Wasu yaran kuwa kafin nan sun tsani wasan.

Alhaji: To, kawo zarto a yanke ta. Uban Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf ɗin nan, ba yanke sanda ya yi ya ba ɗansa ba? Yaron yana ɗan shekara 2 aka nuna shi a talabijin yana buga ƙwallo, a 1997 kuma ya ɗauki babbar gasar golf ta Masters yana ɗan shekara 21. Shi Halifa ma ya makara da shekara uku.

Mai shago: Labarin gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma idan aka yanke sandar manya, gorarta sai ta sandare ta daina lanƙwasa, kanta yana nan da nauyinsa na manya, mariƙarta kuma ta fi ƙarfin tafin yaro. Yanzu ana ƙera na yara musamman, marasa nauyi masu siririyar mariƙa, kuma da tsayin yaro ake zaɓa, ba da shekarunsa ba.

Hajiya: Shi uban Tiger Woods ɗin, Alhaji, na ji an ce yana buga wasan da kansa.

Alhaji: Hajiya, maganar kasuwanci muke yi.

Mai shago ya ɗauko ma'auni ya tsayar da Halifa a jikin bango. Alhaji ya zagaya ta gefe yana yi wa yaron inkiya da gira cewa ya yi ɗage, yaron kuwa ya tsaya a kan yatsun ƙafa yana rawar jiki, har mai shago ya dafa kafaɗarsa ya sauke shi a hankali.

Alhaji: Ma'aunin nan naka yana da cuta. A danginmu babu gajere, kuma ka auna shi ba hula.

Mai shago: Ko da hular, ranka ya daɗe, ga abin da ya dace da shi: ɗaya ta bugun nesa, ɗaya ta ƙarfe mai lamba 7, ɗaya mai kwantaccen baki wadda take ɗaga ƙwallo daga rairayi, sai ta tura ƙwallo cikin rami, wadda da ita ma ya kamata ya fara. Idan ya ƙara tsawo nan da shekara biyu, sai a sake masa wasu.

Alhaji: Sanduna huɗu? Ka ce in shiga kulob da ɗana yana rataye da sanduna huɗu, mutane su ce kasuwa ta juya mini baya?

A nan ne mai shago ya miƙa wa Halifa ƙaramar sandar, yaron ya karɓa da hagu, ya juya ya tsaya ta ɗaya gefen ƙwallon, bayan sandar yana fuskantar inda ake son ƙwallon ta tafi.

Mai shago: Ashe bahago ne! To, sai a canza duka, domin sandunan bahago fuskarsu dabam take kallo.

Alhaji: Wane ne bahagon?

Hajiya: Halifa mana, Alhaji. Tun da ya fara riƙe fensir da hagu yake rubutu, kuma malamarsu ta rubuta maka haka a takardar da ka sa wa hannu.

Alhaji: Na sani sarai, gwada mai shagon nake yi in ga ko ya san aikinsa. To, Malam, ka kawo huɗun na bahago, amma ka zuba su a waccan babbar jakar, sannan ka cike ta da goma na manya, ka sa wa kowace murfinta.

Mai shago: Jakar ta fi yaron nauyi, ranka ya daɗe. Wa zai ɗauka?

Alhaji: Direba zai ɗauka, ni kuma ina gaba. Ka juyo da sunan kamfanin ta inda mutanen rumfa za su iya karantawa.